Yatsun Gagara-Wuta

Gagara-Wuta ake ce masa, kuma ba a banza ba. Lantarki ya sha ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya tashi ya karkaɗe riga. Bai taɓa zama a aji ba, amma lif ɗin da ke kai mutane saman dogon ginin nan shi ya ja masa waya tun daga sama har rami, lokacin mazan yanzu suna goye.

Bugun ƙarshe ne ya zo daban. Ruwa ya taru a ramin da ke ƙarƙashin lif, ya haɗiye soket, shi kuma ya sauka bai kashe wuta ba. Ya tashi kamar kullum, sai dai yatsu uku na hannun damansa sun daina jin komai. Ko uwar 'ya'yansa bai gaya wa ba.

Manajan ginin ya ce a ɗaga soket ɗin sama da inda ruwa ke kaiwa, a sa shi cikin akwati mai murfi, wayoyi su bi ta bututu. In ba zai iya ba, a kira kamfani su karɓi aikin gaba ɗaya.

"Baba, hannun dai lafiya?" in ji manajan.

"Ya fi naka biyun."

Ya kashe wuta, ya sa wa akwatin makunni kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya bi tsani. Ramin na warin giris. Ya kafa bututu, ya zura wayoyi. Shi kuwa tun fil azal bai yarda da sukundireba ba. In ya ɗaure waya sai ya kama ta ya ja, yatsa ne ke gaya masa ta zauna ko da saura. Ya kama wayar da ke kai wuta ƙasa in abu ya lalace, wadda ran duk mai shiga ramin ke rataye a kanta. Ya ja. Ya sake ja. Ya gwada da hagu, hagun bai san aikin ba. Sai ya ga jini a jikin murfin, bai san yaushe ya yanke ba.

Ya tattara kayan aikinsa, ya kama tsani.

Da ya hau, ya miƙa wa manaja makullin, ya ce kada a kunna sai wani ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya fara magana, bai tsaya ji ba. Ya zauna a bencin bakin ƙofa, mutane na wucewa suna hawa bene da ƙafa, suna mita.