Alwalar Tajudeen

Azumin shekarar 1990 ya faɗo a tsakiyar zafi, kafin ruwan sama ya sauka a Akra. Da azahar kwalta takan yi laushi a titin Nima, rufin kwano ya riƙa ƙara shi kaɗai, masu sayar da ruwan ƙanƙara su lafe a inuwa babu ciniki, don Zongo duk ta kame baki. A irin wannan lokaci ne Lauwali mai faci yake rufe rumfarsa a Maamobi, ya ɗaure takalminsa na kambas, ya fita gudu.

Ya haura talatin, kuma ya san abin da hakan ke nufi ga mai gudu. Shekaru ya yi a hannun Saje Mahama, tsohon sojan da ke horar da samarin Zongo a wani fili kusa da Kawukudi, bai taɓa samun komai ba sai kofunan roba da ciwon gwiwa. A wannan shekara wani kamfani ya ce zai ɗauki mutum ɗaya daga yaran Saje, ya kai shi sansani a tudun Aburi inda iska ke da sanyi, ya ciyar da shi, ya shirya shi don gudun fanfalaki na Akra, bayan tsere kuma ya ba shi aiki. Kafin salla suke son suna. Mutum biyu ne kawai za su iya wannan nisan: Lauwali, da Tajudeen, ƙanen matarsa Sanatu, ɗan Malam Garuba ladan. Lauwali ne ya fara jan Taju zuwa filin tun yana gudu ba takalmi.

"A rana za a yi tseren, a rana zan gwada ku," in ji Saje. "Wanda ya fi dawo mini da ƙarfinsa kafin salla, shi zai tafi."

Da suka fito, Taju ne ya miƙa hannu.

"Yaya Lauwali, mu yi magana ta maza. Ba mai ajiye azumi. Wanda ya sha ruwa ya fita da kansa."

"Kai nake ji wa tsoro. Kai da ba ka iya wuce mai waake, shinkafa da waken nan, ba ka tsaya ba."

"Chale, za ka gani! Tsoho, ka tanadi man zafi."

Suka tafa, suka yi dariya.

Hanyarsu ɗaya ce kullum. Daga Kawukudi su gangara ta Nima zuwa shataletalen Circle, su kutsa tsakanin motoci da 'yan talla, su bi babban titi har wajen Labadi. A can akwai wani ɗan masallaci na katako mai famfo a gefe, nan suke alwala su yi la'asar, sannan su juyo gida. A tafiya kafaɗa da kafaɗa suke, wani lokaci ma Lauwali ne gaba. Dawowar ce ta bambanta su. Lauwali yakan ji harshensa ya zama kamar tsumman faci, gishiri ya bushe a fuskarsa, ƙafafunsa su ƙi jin magana. Taju kuwa sai ka ce yanzu ya fara. Yana tofar da yawu a gefen titi kamar kowane mai azumi, ya juyo yana gudu da baya.

"Yaya, in kira maka tasi ne?"

Lauwali mutum ne mai yawan tuhumar kansa. Ya ce shekaru ne. Ya ce ƙila sahur ɗinsa ne bai isa ba, ya sa Sanatu ta ƙara masa koko. Daga baya ya fara tunanin ko zuciyarsa ce ba ta da tsabta, ko ya fi son Aburi a kan azumin, shi ya sa Allah ya sauƙaƙa wa yaron ya tsananta masa. Wannan tunanin ya fi ƙishirwa cin sa.

Ana cikin goman tsakiya ya faɗi. A mahaɗar Kawukudi ne, saura kaɗan su isa filin, ya ga titi ya miƙe tsaye ya nufo shi. Da ya farfaɗo mata sun kewaye shi suna yi masa fifita da murfin kwano. Wata 'yar ƙabilar Ga ta kawo kofin ruwa bakinsa, ya kau da kai. Taju na durƙushe a kansa yana kiran sunansa, hawaye na zuba, kuma hawayen na gaske ne. Wannan Lauwali bai taɓa shakkarsa ba, ko daga baya.

Washegari ya je wurin Saje da ƙafarsa.

"Ku ba Taju. Allah ya nuna."

"Ka tabbata?"

"Tare muka yi azumi, tare muka sha rana, shi ya tsaya ni na faɗi. Me ya rage?"

Saje ya dube shi, ya ce to.

Don kada yaron ya yi gudu shi kaɗai, Lauwali ya ari keke ya riƙa bin sa a baya yana kore masa motoci. Ciwon yana nan, amma ciwo ne mai tsabta, irin wanda mutum ke iya kwana da shi. Har ya fara jin daɗin cewa abin bai bar gida ba.

A goman ƙarshe aka ɗauke ruwan famfo a Labadi. Lauwali ya rataya buta a kan keken, da suka isa masallacin ya tsuguna gaban Taju yana zuba masa. Dā gefe da gefe suke alwala, kowa da abin da ke gabansa. Yau ne ya fara zama yana fuskantarsa. Taju ya wanke hannu, ya cika tafi da ruwa, ya kai baki, ya sunkuyar da kai. Lauwali ya ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Abin da ya furzar bai kai cokali ba. Ya sake tara hannu. Maƙogwaron ya sake motsi. Na uku ma haka, a natse, ba tare da ko ɗaga ido ba, yadda hannu ke yin abin da ya saba.

Lauwali ya ajiye butar.

"Tun yaushe?"

"Me fa?"

"Taju, ni na zuba ruwan."

Yaron ya dubi ƙofar masallaci, ya rage murya.

"Subutar baki ne, Yaya. Yakan faru da kowa."

"Sau uku?"

Wata mota ta wuce tana busa ƙaho.

"Tun rana ta biyu," in ji Taju. "Na ji zan mutu. Wallahi na ji zan mutu a kan titin nan. Zan rama, zan yi kaffara, wata biyu ne, na sani. Wannan tsakanina da Allah ne."

"Da Allah kaɗai? Da wa ka tafa?"

"Ai ban hana ka ba! Famfo ɗaya muke tsugunawa. Kai ka zaɓi ka furzar."

"Na faɗi a gabanka. Ka yi kuka."

"Na yi kuka don na tsorata."

"Ka tsorata, washegari ka bar ni na je na ba ka wurina."

Taju ya share fuska da rigarsa. Da ya sake magana muryarsa ta sauya, ta zama ta ƙaramin yaro.

"In ka faɗa wa Saje, kafin magariba Nima ta ji. Baba ne zai hau ya kira salla, mutane na kallonsa suna cewa ɗan ladan yana shan ruwan alwala. Yaya Sanatu fa? Ka yi tunani."

Lauwali ya yi la'asar a sahun da ke bayan Taju, bai san raka'a nawa liman ya yi ba. A hanyar dawowa ya bar shi ya yi gaba. Yana tuƙa keken a hankali yana juya maganar. Tun yana yaro aka koya masa cewa laifin da mutum ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa ba a tona shi. Amma wannan laifin da shi aka sace masa abu. In ya yi shiru, ya rufa asirin ɗan'uwa ne, ko ya taya ɓarawo ɗaukar kaya? In ya yi magana, gaskiya yake bi, ko Aburi? Ya kasa raba biyun a cikin ransa, kuma wannan ya ƙara masa haushin yaron, da ya jefa shi inda ko fushinsa ba zai iya amincewa da shi ba.

Ya samo wata hanya da yake ganin ba ta taɓa kowa. Ya tarar da Saje zaune a kan benci a bakin filin, yana jan carbi.

"Saje, alfarma nake nema. Ku sake gwada mu bayan salla, kowa da ruwansa a ciki."

"Gobe zan kai suna. Kai ka ce a ba shi. Me ya canza?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Saje ya tsayar da carbin. Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Yau ka riƙe masa buta ke nan."



"Kun sani?"

"Na yi soja a arewa, na ga mutane sun bushe. Wanda bai sha ruwa ba guminsa ƙafewa yake yi. Kai kana dawo mini fari fat kamar an barbaɗa maka gari, shi yana dawowa sharkaf. Tun makon farko na gane."

"Kuka bar ni ina bin sa a rana."

"Na zaci za ka yi wayo irin nasa. Ni ba malami ba ne, Lauwali, ba zan ce wa mutum ya karya azumi ba. Amma kamfani mai gudu suke so, ba waliyyi ba. Mutumin da zai gwammace ya faɗi a titi da ya saurari jikinsa, wata rana gawarsa za a kawo mini."

"Da kun faɗa mini gwajin ke nan."

"Da na faɗa maka, za ka sha?"

Lauwali ya san ba zai sha ba. Amma da an faɗa masa, da ya san abin da ya sayar da abin da ya saya. Da bai yi kwanaki yana binciken zuciyarsa yana neman zunubin da babu ba. Ya miƙe, bai yi sallama ba, karo na farko tun da ya san tsohon.

Aka kai sunan Tajudeen.

Ranar salla gidan Malam Garuba ya cika. An yanka kaji, an dafa shinkafa a babbar tukunya, 'yan'uwa sun zo har daga Sabon Zongo, don washegari Taju zai hau Aburi. Sanatu tana ta kai da kawo cikin sabon zane, duk wanda ta bai wa abinci sai ta gaya masa yadda mijinta ya bar wa ƙanenta wuri da bakinsa. Lauwali na zaune a ƙarshen tabarma, shinkafar ta huce a gabansa.

Bayan an ci, Malam Garuba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Tsoho ne siriri, muryarsa ta fi jikinsa girma.

"Jama'a, ku taya ni godiya. Da yaron nan ya fara gudun nan na ƙi, na ce wasa ne da zai raba shi da salla. To ga shi, a zafin da ya kwantar da manya, ya yi gudu daga nan har bakin teku, bai sha azumi ko ɗaya ba." Ya juyo. "Ba ni na gani ba. Ga mijin yayarsa, shi ya bi shi kullum. Lauwali, mutane sun san ba ka ƙarya. Haka ne ko ba haka ba?"

Duk fuskoki suka juyo. Sanatu ta tsaya da tire a hannu tana murmushi. Taju ya kafa ido a kan tabarma, yana tsinkar zaren gefenta. Lauwali ya jira. Ya ba shi lokaci, isasshe, wanda mutum zai iya ɗaga kai ya ce Baba, bari in yi magana. Yaron bai ɗago ba.

"Haka ne, Baba," in ji Lauwali.

Aka ɗauki kabbara. Wani ya daki kafaɗarsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Malam Garuba ya kira su biyun gaba don addu'a, ya kamo hannun Lauwali ya ɗora a kan Taju, ya danne da nasa. Tsohon ya roƙa wa ɗansa nasara, ya roƙa wa surukinsa ladan gaskiyarsa, jama'a na amsawa da amin. Lauwali ya tsaya har aka shafa, sannan ya zare hannunsa ya fita neman takalminsa a cikin tarin da ke bakin ƙofa.