Fitilar da Ba Ta Lalace Ba

Shekara goma sha ɗaya ina aikin lantarki a Kano, don haka ban yarda akwai wayar da za ta gagare ni a Dubai ba. Ranar ƙarshe ta gwajina a wani kamfani a Al Quoz, ogana Rauf, mutumin Kumasi, ya tura ni wata ƙaramar tashar masunta in sauya wayar tsohuwar hasumiyar fitila da ke bakin teku. In aiki ya yi kyau, biza ta tabbata. In ba haka ba, sai gida.

Dab da magariba na gama. Ina kunnawa, sai ga fitila tana ƙiftawa: uku, ta ɗauke, uku, ta ɗauke. Na ce kai! A unguwarmu in ƙwan lantarki ya yi haka, ai sai a tambayi wane sakarai ne ya ja wayar. Na buɗe akwati, na tsallake na'urar da ke katse wutar, haske ya tsaya cak. Har da ɗan fito na yi.

Sai ga Sulaiman, tsohon Balaraben da ke kula da wurin, ya hawo matakala yana haki.

"Wa ya kashe mini fitila?"

Na tattaro guntun Larabcina na islamiyya. "Baba, gyara ta na yi. Dubi yadda take ci."

Ya ja ni bakin taga ya nuna mini gari. Fitilu birjik, ba mai motsi. Ya ce zamanin mahaifinsa nan duk yashi ne, wuta suke hurawa a kan tudu, mai dawowa daga teku ya nufo ta. Da gari ya cika da haske, ƙiftawar nan kaɗai ke gaya wa masunci ga ƙofar tasha, ga duwatsu. "Kuma kwalekwale biyu ba su shigo ba tukuna," in ji shi.

Wallahi kunya kamar in nutse. Cikin minti huɗu na mayar da komai yadda yake.

"Khalas, habibi, shi ke nan, ya wuce," in ji tsohon. "Ba wanda zai ji a bakina."

Na yi masa godiya, sannan na kira Rauf da kaina na zayyane masa komai.

"Kwalekwalen sun shigo?" ya tambaya.

"Ga na biyun nan yana shigowa, oga."

"To, kada ka motsa sai ya ɗaure igiyarsa. Ran Litinin ka kawo fasfo a buga maka biza."