Yarinyar Norbert

Hannun Norbert Zastrow ya san wurin ko ido a rufe: layi na bakwai, kanta ta ƙasa, daga hagu. Shekara talatin da ɗoriya nan yake miƙa hannu ya ɗauko kwalbar ruwan kalsiyam ta shanu. Don haka yau ma bai tsaya dubawa ba. Ya sunkuya, gwiwarsa ta yi ƙara, ya cafko kwalba ya juya da sauri. Sai da ya yi taku uku sannan ya ji abin bai cika masa hannu ba. Ya ɗaga ya duba. Sabulun wankan kare ne, mai ƙamshin lemo.

Ya dawo da baya ya bi layin da kallo. Babu allurar shanu, babu man shafa wa hantsa, babu igiyar jawo ɗan maraƙi in haihuwa ta zo da gardama. Rigunan karnuka ne reras a rataye, har da masu hula. Ya leƙa layi na shida, abincin kyanwa. Na takwas, kyandira da kofuna masu hoton zakara. Gumi ya karyo masa, alhali ƙanƙara ba ta gama narkewa a waje ba.

Saniyarsa Opal ce ta kwanta. Da asuba ta haihu lafiya lau, ta lashe ɗanta, ta sha ruwa. Kafin ya gama tatsar sauran shanun goma ya tarar da ita a durƙushe, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙari, kunnuwa sanyi ƙalau. Zazzaɓin nono ke nan, wanda ke kayar da saniya bayan haihuwa. Ba baƙon ciwo ba ne, maganinsa kwalba ɗaya ce a jijiyar wuya, kafin awa guda ta miƙe tana neman ciyawa. In kuwa aka yi jinkiri ta faɗi a gefenta, ciki ya kumbura, to sai dai a nemo mai jan mushe. Kwalbar da ya ajiye a ɗakin shanu sanyin bana ya daskarar da ita ta tsage. Tsohon likitan dabbobinsu ya rasu shekara biyu ke nan, wadda ta gaji asibitin kuwa karnuka da kyanwoyi take dubawa, ba ta zuwa gona. Ya tokare Opal da dammunan ciyawa, ya bar matarsa Verna ta jingina mata baya, ya figi a-kori-kurarsa mil goma sha biyu zuwa kantin kayan gona mai koren rufi, irin wanda kamfaninsa ke da rassa a kowane gari.

Ga shi Asabar ce, lokacin sayar da 'yan tsaki. Kantin ya cika maƙil da sababbin mutanen nan da suka baro birni suka sayi filaye a inda da masara take. Ya kutsa cikinsu da takalmin roba mai kashin shanu, suna darewa.

* * *

A gaban kwatarnin 'yan tsaki ya sami Darlene Kuehl, sanye da koriyar rigar ma'aikata, tana saka wa wasu yara tsaki a kwali. Maƙwabciyarsa ce ta shekara arba'in. Da mijinta Walt ya rasu ta sayar da shanu sittin da gona, ta dawo nan tana tsayuwa wuni guda.

"Ka ji mutumin," in ji ta ba tare da ta ɗago ba. "Tun daga ƙofa na ji warinka, Norb. Verna ta daina yi maka wanki ne?"

"Darlene, ina kuka kai kalsiyam?"

Yadda ya yi maganar ya sa ta ajiye kwalin. "Wace ce?"

"Opal. Yarinyata ta haihu da asuba, yanzu ta kasa tashi. Kunnenta ya yi sanyi, ido ya fara juyewa. Verna kaɗai na baro mata."

Wata mata da ke gefe ta dafe ƙirji. Doguwa ce mai farin takalmi, tana tura keken sayayya, a ciki wani ɗan kare yana zaune a kan bargo da jar riga.

"Baba, 'yarka ta haihu a gida ta kasa tashi, kana nan kana neman magani a kanti? Ku kira motar asibiti mana. Faɗa mini adireshin, ni zan kira." Tuni ta zaro waya.

"Saniya ce, uwargida," in ji Darlene.

"Saniya?"

"Nan haka muke ce musu. 'Yan mata."

Matar ta sauke ajiyar zuciya, dariya ta kufce mata. "Au, saniya. Kun tsinka mini hanji. Na ɗauka mutum ce." Ta mayar da wayar jaka, ta shafa kan karen. "Ka ji, ɗana, ashe saniya ce. Mu je Mama ta saya maka biskit."

Ba muguwa ba ce, ba kuma da wata manufa ta faɗa ba, shi ya sa abin ya fi yi wa Norbert ciwo. Da zaginsa ta yi da ya san amsar da zai ba ta. Opal jikanyar jikanyar saniyar farko ce da mahaifinsa ya ba shi ranar aurensa. Da hannunsa ya jawo ta duniya. Shekara tara tana ciyar da gidansa safe da yamma. Amma ɗan abin nan mai jar riga shi ne ɗa, ita kuwa saniya ce kawai.

Darlene ta ja shi gefe ta rage murya. "Tun sabuwar shekara suka kwashe. Wai kwamfuta ta ce kwalba tara muka sayar bara."

"Huɗu ni na saya."

"To ka gani. Na yi magana har na gaji, wa zai saurari tsohuwa? Tsaya in kira maka manaja."

Ya tsaya, in dai wannan za a kira tsayuwa. Ya duba agogo, ya ɗaga hula ya mayar, ya sake duba agogo. Tara da kwata. 'Yan tsakin sai kuka suke yi masa a ka.

Manajan ya iso da fara'arsa, saurayi mai gyararren gemu, an rubuta Colton a ƙirjin rigarsa. Daga wata jiha kamfani ya turo shi, kuma in ka gan shi ka san bai taɓa kama nonon saniya ba.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Ai muna da shi, kada ka damu." Ya daddanna ɗan allon da ke hannunsa. "Ga shi nan. In muka yi oda yanzu, Talata da safe yana ƙofar gidanka, ko kuɗin kawowa ba za ka biya ba."

"Talata."

"Ƙwarai. Da a ce ba ƙarshen mako ba ne ma..."

"Ɗan nan, saniyar ba za ta kai azahar ba."

Fara'ar ta ɗan ragu. Ya ƙara daddannawa. "Muna da ɓawon kawa na kaji, shi ma kalsiyam ne. Akwai kuma ƙwayoyin da ake ba karnuka masu shayarwa."

Darlene ta rufe ido. Norbert ya haɗiye abin da ya zo masa baki, don ba na faɗa a gaban yara ba ne.

"To akwai kwalba biyu a reshenmu na arewa," in ji Colton da sauri. "Mil hamsin da takwas. Can har yanzu akwai manyan gonaki."

"Kira su su ajiye masa," in ji Darlene. "Yanzu, ba anjima ba."

Yayin da manajan ke waya, ita da Norbert suka shiga lissafa maƙwabta, ko akwai wanda zai ara masa. Gidan Pagel sun sayar bara. Gidan Voigt sun mai da ɗakin shanunsu wurin bikin aure, an rataya fitilu a inda da ake tatsa. Tsoho Emil yana gidan kula da tsofaffi. Suka bi hanyar gida-gida har bakin kogi, babu mai saniya ko ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, dukansu sun sani, ba wanda ya furta.

"Sun ajiye maka," in ji Colton. Sai ya dubi Norbert daga hula har takalmi, idonsa ya yi haske. "Yallaɓai, ba don kana sauri ba, da na ɗauke ka hoto. Muna neman fuskar manomi na gaske da za mu kafa a ƙofa. Mutanenmu suna son ganin irin wannan."

"Ka ɗauki Darlene," in ji Norbert. "Ita kun riga kun kafa ta."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Ya ga yadda fuskarta ta canja, ya ji kunya ta rufe shi. Amma ita ta tura shi da hannu. "Tafi, sarkin baƙar magana. Ka bi ta bayan coci, babbar hanya suna gyaran gada."

* * *

A-kori-kurar ta tsufa, in gudunta ya wuce mil sittin a awa sai sitiyari ya kama kakkarwa. Ya bar shi ya yi ta yi. Dama da hagu sababbin gidaje ne masu launi ɗaya, kowanne da ɗan akurkin kaji mai fenti a baya. Ya san filayen nan da sunayen masu su na da, yana wucewa yana kiran su a zuci.

A rabin hanya wayarsa ta yi ƙara.

"Norb, kana ina?" Verna tana haki.

"Ba su da shi. Na nufi arewa."

Yana jin kukan ɗan maraƙin ta bayanta.

"Tana ta turo ni," in ji ta. "Sau biyu tana neman kifewa. Na sa kafaɗa, amma ka san ƙugun nan nawa."

"Buga wa mutanen tsallaken hanya, su zo su kama miki."

"Na buga. Sun kai yara wasan ƙwallo. Na bar musu saƙo."

"Ƙara mata dami ta bayan kafaɗa. Kada ki bari kanta ya taɓa ƙasa. Ki yi mata magana, tana jin muryarki."

"Ni za ka koya wa? Tuƙa motarka, tsoho."

Ya so ya ce mata ta kula da kanta, kada saniyar ta danne ta. Bai faɗa ba, don in ya faɗa kamar ya ba ta izinin ta saki ne. Wannan ma ya tsaya masa a rai har ya isa.

A reshen arewa ba a ɓata masa lokaci ba. Kwalaben na jiran sa a kan tebur, sanyi ƙarara, daga sito aka ɗauko su. Ya ɗauki biyun duka. Kowane mai shanu ya sani ba a ɗura wa saniya kalsiyam mai sanyi a jijiya, zuciyarta na iya tsayawa. A gida cikin bokitin ruwan ɗumi ake tsoma shi. Shi ba shi da wannan lokacin. Ya ɓalle maɓallan rigarsa ya cusa ɗaya a ƙirji, jikin fata. Sanyin ya ratsa shi har haƙori. Ya mayar da maɓallai, ya tayar da mota.

Mil saba'in ne zuwa gida. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya dafe da kwalbar, yana jujjuya ta don ɗumin ya game ko'ina. A zuci yana ta bitar aikin: ya ɗaure kan a turke, ya danne jijiyar da babban yatsa har ta taso, ya soka, ya ɗaga kwalbar daidai kafaɗa, a hankali, kada a yi gaggawa. Za ta yi gyatsa, za ta yi rawar jiki, sannan ta miƙe. Ya ga haka ya fi sau ɗari.

Wayar ba ta ƙara yin ƙara ba. Ya ce wa kansa hannun Verna ne ba sarari. Ya ɗauko wayar ya ajiye, ya sake ɗaukowa ya ajiye. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da Verna ɗakin tiyata.

Sha biyu ta gota lokacin da ya karyo kwanar gidansa, taɓo na fallatsa. Tun daga nesa ya hango Verna. Ba a ciki take ba. Tana zaune a kan kifaffen bokiti a ƙofar ɗakin shanun, hannaye a cinya, gashinta duk ciyawa.

Ya kashe motar. Ya daɗe bai buɗe ƙofa ba.

Da ya fito bai tambaye ta ba, ita ce ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Wajen sha ɗaya ta kife. Na ja, na tura, na sa igiya. Ban iya ba, Norb, har ta daina numfashi. Mutum ɗaya kawai nake buƙata."

"Ta ji miki ciwo?"

Ta girgiza kai. Daga ciki ɗan maraƙin yana ta kuka, muryarsa har ta dushe. Sauran shanun sun yi cirko-cirko a bakin shinge suna kallon ƙofar.

"Ka samo?" in ji ta.

Ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro kwalbar. Ya rasa inda zai ajiye ta, sai ya miƙa mata. Verna ta karɓa da hannu biyu, ta riƙe, ta kai ta kuncinta.

"Ta yi ɗumi daidai," in ji ta.