'Yar Kyamarar Inna Tambaya

Cikin duk tsarabar da Gidaɗo ya kawo Kebbe shekarar da ya sauke farali, babu abin da mahaifiyarsa, Inna Tambaya, ta riƙa da daraja kamar wata 'yar kyamarar roba, abin wasan yara. Ka kanga ido a gilashinta ka danna, sai ga Ka'aba. Ka sake dannawa, ga Madina. A cikin kwalla take ɓoye ta, ko jikokinta ba su isa su taɓa ba.

To, Ummulkulsum matar Gidaɗo, sarkin tsafta, ta ga maiƙon hannu a gilashin. Sai ta sa toka da soso ta dirje shi kamar gindin tukunya. Roba ce fa, jama'a! Nan take ya yi fari da ƙarce-ƙarce. Ta yi maza ta mayar da ita cikin kwalla.

Da hantsi tsohuwa ta leƙa, ta murza ido, ta sake leƙawa. Ta ce hazo take gani, idonta ya tafi ke nan, ko a hoto ba za ta ƙara ganin Ɗakin Allah ba. Ranar ko fura ba ta sha ba.

Hankalin Ummulkulsum ya tashi matuƙa. Ta aika a ɓoye wurin yayanta Bube, mai gyaran agogo a kasuwar Tambuwal. Ya aiko da man goge baki da auduga, ya ce ta riƙa murzawa a hankali tana zagayawa, kada ta danne. Da tsohuwa ta fita barka ko gaisuwa, sai ta ɗauko ta hau murza, kunnenta na ƙofa. Har babban yatsanta ya kumbura.

Rannan ta share da gefen zane, ta leƙa. Alhamdu lillahi, tas! Har fararen haramin alhazai tana gani.

Ta kai wa tsohuwa hannu bibbiyu. "Inna, ki ƙara dubawa."

Inna Tambaya ta kanga ido, ta daɗe. Ta danna, ta koma ɗaya idon, ta sake dannawa. Sannan ta miƙo mata.

"Ɗiyata, duba mini. Wanga Makka ce ko Madina? Hazon ya ƙaru."

Ummulkulsum ta karɓa ta leƙa. Ka'aba ce, tar da ita, babu hazo ko kaɗan.