Ragon da Tahir Ya Ɗaure

"Ba ni wadda ta fi tauri," in ji Kaltum, hannunta cikin firigona tun ban gama buɗe shi ba.

Ƙanƙara nake saidawa a Diffa, kuma kowa don sanyaya ruwa yake saye. Kaltum kuwa taunawa take yi ƙurus-ƙurus, har nawa haƙoran su kama tsami. Katanga ɗaya ta raba mu. Ta daɗe da auren Tahir, mai noman tattasai a Shetimari, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Bana daga ƙanƙara ta koma cin farar ƙasa. Ta yi fari fat, jiri ya dame ta, al'ada ta ɗauke, ƙafa ta kumbura, ciki ya ɗan taso. Matan unguwarmu ba su jiran lokotoro, wato likita, a kan irin wannan. Iya, uwar Tahir, ta rangaɗa guɗa. Shi kuma ya sayo ɗan rago don suna, ya ɗaure a gindin dogon yaro.

Ni ban yi murna ba. Salgarsu jikin katangata take, ina jin ƙarar buta safe da rana ba iyaka. Ranar da na ga jini a bayan zanenta, na ja ta gidan likita.

Aka yi eko, wato hoton ciki, aka ga babu juna biyu. Lokotoro ya ce babban hanjinta ne ya yi gyambo yana tsiyayar da jini, jinin jikinta ya kusa ƙarewa, shi ke sa ta kwaɗayin ƙanƙara da ƙasa. Ya ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce lalle a kai ta Yamai a duba hanjin.

A ƙofar gida ta riƙe mini hannu. Tafinta sanyi ƙalau.

"Maman Kalebu, don Allah kar ki gaya ma Tahir."

"Ke, wannan ciwo kisa yake yi."

"Ki bari a cire tattasai tukuna. Tun da rikici ya kori manoma daga bakin kogin Komadugu bai yi dariya ba, sai yanzu."

Ƙwayoyin suka ƙara murɗa mata ciki, ta daina sha. Daka ta gagare ta. Ta bar zuwa biki da gaisuwar mutuwa, don ba ta iya nisa da salga. Salla ma a zaune, alwala ba ta tsaya mata. Abu ɗaya ne ba ta fasa ba: kullum sai ta lallaɓa da dusa a kwano ta kai ma ragon, ta zauna tana haki tana kallon yana ci. Rago na ƙiba, ita tana ƙarewa. Na tsani ragon nan har cikin raina.

Tahir na gona, sai na sami Iya na gaya mata komai. Ta saurare ni tana tsintar shinkafa.

"Cikin ya kwanta ne, 'yata," in ji ta. "Injin nasara ba ya ganin kwantaccen ciki. In ta ƙoshi zai tashi."

Ta hana a tada hankalin ɗanta ana tsakar aiki. Na fito ina kuka don haushi.

Wata la'asar na ji buta ta faɗi, ban ji an ɗauka ba. Na zagaya na tarar da Kaltum kwance a bakin salga. Muka shigar da ita ɗaki, aka tafi neman taksi. Leɓenta ya bushe, ta ce, "Ƙanƙara." Na ruga na kawo a kwanon sha. Ta sa guda a baki, ba ta iya taunawa ba. A gidan likita ana neman mai ba da jini ta cika.

Tahir ya iso da jan garin tattasai a rigarsa. Bayan an dawo daga maƙabarta ya same ni a tsakar gidansu, ina tattara tabarmi.

"Maman Kalebu," ya ce a hankali, "ke kika kai ta eko. Namiji ne ko mace?"

Na dubi ƙofar ɗakin Kaltum.

"Ba su gaya muna ba."

Ya gyaɗa kai. Ragon ya yi kuka, tun jiya ba wanda ya tuna da shi. Kwanona na nan bakin ƙofa inda na bar shi, ƙanƙarar ta narke. Tahir ya ɗauka ya kai gindin dogon yaro, ya tsuguna ya riƙe masa har ya shanye.