Kabari Biyu, Suna Ɗaya

"Ƙara girman wannan," in ji Iya Tela. Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa wayata.

Maƙwabciyata ce, katanga ta raba mu. Tun da ciwo ya kwantar da ita ta tasa ni gaba, wai sai na nemo mata hoton kabarin mahaifinta, sojan da aka kwasa zuwa yaƙi a ƙetaren teku tana goye.

"Iya, ni fa hoton masu rai nake ɗauka," na ce mata tun farko.

"Mai hoto dai ne kai. Nemo."

Na yi ta lalube a intanet har na faɗa wani shafi da ake ɗora hotunan maƙabartun sojoji. Sai ga sunan babanta, amma a kan duwatsu biyu. Runduna ɗaya, shekara ɗaya. Lambar soja ce kawai ta bambanta, kuma duk wanda zai iya tuna tasa ya riga mu gidan gaskiya.

Na zaci kuka za ta yi. Ina! Tambayoyi ta shiga jero mini. Wa ke aske ciyawar nan sumul haka? Itacen da ke bayan dutsen yana 'ya'ya? Can ma ana zafi?

"To wanne zan wanko miki?"

"An ce babana dogo ne. Wanne ya fi tsawo?"

"Iya, duwatsun duk kansu ɗaya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Wanko duka. Wa ya sani, ko ɗayan ma wata ya bari a goye."

Na kai mata su. Kullum na leƙa sai ta ce ta canza shawara, yau na hagun ne babanta.

Ranar Talata da hantsi na ji kukan autarta ta kan katanga.

Bayan masu zaman makoki sun watse, autar ta kira ni ɗakin Iya. An naɗe katifa, an rufe keken ɗinki da zane.

"Yaya, wanne ne kakan namu? Ta faɗa maka?"

Na ce ba ta gama zaɓa ba.

Ta juya hotunan. Iya ta haɗe gefensu da farin zare, ɗinkin hannu ƙanana ƙanana, allurar na nan soke inda ta tsaya.