Farin Fenti a Rufin Malam Nagoda

Wayar ta yi tambaya, Mujahid ya amsa tun kafin ta rufe baki.

"Inji ya mutu kana sama. Me za ka fara yi?"

"In sauke sandar hagu, in riƙe gudun farfela, in nemi fili."

Manhajar ta nuna kore. Tun safe yake zaune a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, kuma ba ta nuna masa ja ba. Gobe zai hau jirgi mai saukar ungulu a kwalejin tuƙi, mai jarrabawa na zaune a gefensa. In ya ci, ya zama matuƙi. Bai ji ɗar ba.

Kwano ya yi ƙara a bisa kansa. Ya ɗaga ido, sai ga mahaifinsa, Malam Nagoda, a tsugune a kan rufin ɗaki da bokitin fenti. Tsohon kafinta ne. Shi ya rufa rabin gidajen layinsu a Tudun Wada, amma ya daina hawa tsani tun da gwiwa ta fara damunsa.

"Baba, lafiya?"

"Aiki nake. Yi karatunka."

Mujahid ya leƙa madafa. Inna Ishatu na tankaɗen gari, ba ta ko ɗago ba.

"Alama yake yi maka," ta ce. "Don ka gane gidan daga sama. Ya gaya wa 'yan majalisarsu gobe za ka biyo ta kan gida, ƙasa-ƙasa, har su ga fuskarka."

"Wa ya ce masa haka?"

"Bakin Alhaji Labaran ne ya jawo. Shi ya ce kullum kana maƙale da waya, jirgin waya kake tuƙawa. Ka san babanka."

Ya sani. Ya kuma san ranar jarrabawa ba yawo ake yi ba. In ya karkata jirgi ya yi ƙasa a kan unguwa, mai jarrabawa zai karɓe tuƙin nan take, shi ke nan.

"Inna, ba zai yiwu ba."

"To, ka ce masa to. Gobe in ka dawo ka ce mai jarrabawa ne ya hana. Haka ake yi da manya. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin wani ya ce masa a'a a gidan nan?"

Mujahid ya koma tabarma. Manhajar ta ci gaba da jero tambayoyi: nauyin jirgi, iska, mai, magana da hasumiya. Yana amsawa, tana nuna kore. Amma kunnensa na kan rufi, yana jin burushi na kai da komo a kan kwano.

Bayan azahar aka kawo benci uku daga masallaci aka jera a ƙofar gida don 'yan kallon gobe. Malam Nagoda ya sauko, fenti har gwiwar hannu, yana ɗingishi yana ƙin a kama shi. Alhaji Labaran mai siminti ya riga ya zauna, yana ɓarar gyaɗa.

"A'aha, ga direban waya," in ji shi da ya ga Mujahid. "Gobe ƙarfe nawa za mu ɗaga kai? Kada wuya ya ƙage mana a banza."

"Allah ya kai mu, Alhaji."

"Amin. Ni dai ko ungulu ta wuce zan tafa."

Malam Nagoda bai yi dariya ba. "Kai dai ka zo da tabarau," ya ce.

Mujahid ya dubi bencin. Ya hango dattawan unguwa a kansu gobe, rana na dukansu, ido a sama, tun hantsi har azahar, jirgi bai zo ba. Ya hango mahaifinsa a tsakiyarsu. Maganar Inna za ta fitar da shi yau, amma gobe tsohon ne zai sha kunya a ƙofar gidansa.

Ya jira har Malam Nagoda ya shiga zaure wanke hannu. Ya bi shi, ya durƙusa, ya riƙe masa butar kananzir.

"Baba, ina da magana."

"Faɗi."

"Ba zan biyo ta kan gida ba gobe."

Tsohon bai daina murza hannu ba. "Zuba."

Ya zuba masa kananzir.

"Wa ya hana? Mai jarrabawar?"

Ga ƙofa a buɗe. In ya ce e, magana ta ƙare, laifi ya koma kan baƙo.

"Shi ma zai hana. Amma ko babu shi ba zan zo ba."

"Ko ranar da ka ci?"

"Ko ranar."

Malam Nagoda ya ɗago ya kalle shi. Mujahid ya sunkuyar da kai.

"Abu na farko da ake koya mana, in inji ya mutu a nemi fili. In kana ƙasa-ƙasa babu lokacin nema. Baba, daga kasuwa har nan ina fili? Kwano ne da wayar lantarki da yara a layi."

"Ni na ce ka zo."

"Na ji, Baba. Ka yi haƙuri. A cikin jirgi matuƙi ke yanke magana."

Inna Ishatu na tsaye a bakin ƙofar ciki da rariya a hannu. Tsohon ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe, ya gyara hula, ya fita.

Mujahid bai tashi daga durƙuson ba. Daga nan yana jin ƙofar gida.

"Labaran, ɗaga. Bencin nan za a mayar masallaci."

"Me ya faru? Wayar ta mutu?"

"Ba zai biyo ba."

Alhaji Labaran ya ƙyalƙyale da dariya. "Na faɗa. An hana shi ke nan."

"Ba wanda ya hana shi. Shi ya hana."

"Har kai ubansa?"

"Har ni," in ji Malam Nagoda, da muryar da yake yi wa magina magana a da. "Ya ce ba a wasa da jirgi a kan mutane. Kai a gidanka akwai wanda ya isa ya gaya maka haka? Kama wancan gefen."

Aka ji ƙafar benci na jan ƙasa.